Girgiɗi

Wata uku masai ɗin gidanmu yana girgiɗi.
Ka zauna, ya karkata hagu kamar mai gaisuwa,
ka miƙe, ya ce ƙwas, ya koma mazauninsa.
Mun saba. A Idi-Araba me ba a sabawa da shi?
Uwani ta cusa masa murfin kwalba a gindi,
yara suka raɗa masa suna kwalekwalen Makoko.

Na faɗa wa Iya Mulika mai gida,
ta ce ita ɗaki ta ba ni haya, ba kujera ba.
Sikiru mai gyaran famfo ya leƙa, ya yi tsaki,
ya ce dubu goma sha biyar, ban da kayan aiki.
Na ce zan neme shi. Ya san ba zan neme shi ba.

Sai ga waya daga Gumel: Baba na tafe.
Gwiwa ta ƙi, an ce a kawo shi babban asibiti.
Mutumin da ya shekara arba'in yana hawa katanga
da tubali a hannu,
yau tsugunno ya gagare shi.

Daren Laraba na tuɓe riga.
An ɗauke wuta, janaretan maƙwabta na tari,
ruwan Ikko na dukan kwano ba sassauci.
Nafi'u ya haska mini da fitilar waya.
Na rufe famfo, na tsane ruwan da soso,
na durƙusa inda ban taɓa zaton zan durƙusa ba.
Noti biyu ne. Ɗaya tsatsa ta gama da shi,
ya marmashe a yatsuna kamar ƙuli-ƙuli.
Ɗayan yana ta juyawa bai kama komai ba.
Na sa sababbi da na sayo a Mushin,
na ɗaure da sifanar aro,
na ɗaure har tangaran ya soma ƙara.
Na zauna in gwada.
Ya gaishe ni. Hagu, kamar kullum.

Baba ya sauka ran Juma'a, ƙafa a kumbure, kwana biyu a mota.
Bai tanka kan ƙuncin ɗaki ba, ko kwatar bakin ƙofa.
Da ya fito daga bayi sai ya ce a ba shi kujera.
Ya zauna a bakin ƙofar, sanda a kan cinya,
ya ce Nafi'u ya zuba ruwa kofi ɗaya a daɓe.
Muka tsaya, mu huɗu, muna kallon ruwa yana tunani,
can ya silale hagu, ya taru a lungu.

Ya ce, Sallau, ba laifin noti ba ne.
Ƙasar ce ba ta kwanta daidai ba.
Ko ka matse shi ya fashe, ba zai zauna ba.

Kwance. Ɗaga. A'a, da gwiwa ake ɗagawa, ba da baya ba.
Ya sa aka yanko tsohon silifas ɗin Uwani,
ya fere shi da wuƙar aljihu, siriri ta gaba, kauri ta baya.
Ya ce in kwaɓa farin siminti, kada ya yi ruwa,
ya sa yatsa a ciki, ya murza, ya ce ƙara.
Sannan noti: wannan kaɗan, wancan kaɗan,
yadda ake daidaita mangala a bayan jaki.
Ina zufa, yana nuni da sanda.
Rabon da ya yi mini faɗa haka tun ina ɗan shekara sha biyu,
kuma ban so ya daina ba.

Kwana guda ba mai taɓawa.
Muka yi ta sintiri bayin masallaci da buta,
shi kuma na riƙe masa kafaɗa a na maƙwabta.

Litinin da asuba, kafin mu tafi layin likita,
na laɓe a bayan ƙofa ina saurare.
Babu ƙwas.
Sai tarinsa, sai ruwan buta,
sai tafin hannunsa yana laluben bango.

Ya fito yana gyara wuyan riga, bai dube ni ba.
Ya ce, saura ƙofar nan.
Ita ma tana jan ƙasa.